Rabin Kwano a Rajistar Ɗakin Kwamfuta

Sau ɗaya tak aka taɓa ba ni takardar tuhuma a duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati, kuma ba ni na yi laifin ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya gyara zama yana jiran inda zan ce na tuba. Abin ya faru ne a tsakiyar shekarun casa'in, a wata ma'aikata a nan Kaduna. Lokacin 'ya'yana uku, muna zaune a Mando, kusa da inda maigidana yake aikin kanikanci.

Da tafireta na fara aiki. Shekara tara na yi a ɗakin masu buga takardu, mu goma sha ɗaya, kowacce da injinta da ciwon bayanta. Da na gaji na shiga karatun yamma, na yi shekara biyu ina sauka daga bas a Kawo bayan magariba da littafi a jaka, har na samo difiloma ta kwamfuta. Takardar ba za ta yi mini komai ba da ba don shugaban ɗakin kwamfuta ya tsaya mini ba. Wani dattijo ne Bakatsine, dogo, siriri, mai tsabtar da har takan sa mutum ya tsargu da kansa. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya je wurin Darakta ya ce a ba shi ni ya gwada. Aka yarda da gwajin wata shida: in na yi abin kirki a tabbatar da ni a matsayin mai rubuta furogiram, in ban yi ba in koma kan tafireta.

Ɗakin nan a wurina aljannar duniya ne. A bakin ƙofa ake cire takalmi. Sanyin da ke cikinsa ya sa ko a tsakiyar bazara sai na ɗora suwaita a kan atamfa. A kusurwa babbar na'urar take, ita ke ɗaukar aikin kowa, mu kuma kowa da allonsa da madanninsa na buga haruffa a kan teburi.

Baba yana da al'ada guda da ba ta tashi. Kowace safiya da ƙarfe takwas da rabi zai zauna gaban allonsa ya kira wani ɗan furogiram mai duba lafiyar na'ura. Lambobi su fito, ya karanta su a fili, sannan ya kwafe su da baƙin biro a kan fom, ya huda fom ɗin ya saka a rajista. Fom ne bugaggen gwamnati, mai lamba a ƙasansa, kuma Baba yana girmama shi yadda wasu ke girmama takardar fili. Rubutunsa kuwa, in ka gani sai ka ji kunyar naka.

A cikin layukan fom ɗin akwai guda da ya zame mini ƙaya, wato layin suwaf. Ga wanda bai sani ba, na'ura tana da ƙwaƙwalwa inda take shimfiɗa aikin da ke hannunta. In wurin ya cika sai ta kwashi wani abu ta ajiye a wani yanki na faifai, in ta buƙace shi ta koma ta ɗauko. Wannan yankin shi ne suwaf. In kai-komon ya yi yawa sai aiki ya yi nauyi, kamar mai girkin da kayan miyarta ke can ɗakin baya. A saman layin an buga harafin K, ma'ana da kilobait ake awon.

A wata na uku na gwajina abu biyu suka faru cikin mako guda. Aka cire tsohuwar na'ura aka sa sabuwa dal, wasu injiniyoyi biyu daga Legas suka yi kwana uku suna haɗa ta, aka kuma ƙara alluna a ofisoshin sama. A ranar Alhamis ta wannan makon aka fara aiki da furogiram ɗina na farko, wanda ke tsara jerin malaman makaranta da za a yi wa canjin wurin aiki. Aikin da a da muke mako uku muna bugawa da tafireta, ga shi yana fitowa kafin azahar. Na yi ta tafiya a barandar ma'aikata kamar ni na gina ta.

Sai dai sabuwar na'urar ba ta yi gudun da aka yi wa mutane alkawari ba. Da rana, in kowa ya hau, mutum kan danna ya jira. Aka yi wata biyu a haka, ƙorafi ya kai sama, Darakta ya aiko a kai masa rajista. Bayan kwana biyu ya kira ni.

Darakta ba mugu ba ne. Mutum ne mai yarda da abin da ke rubuce fiye da abin da ke gabansa. Na same shi da rajista a buɗe, ya ɗora rula a kan layin suwaf.

Ya ce, “Malama, duba nan. Kafin makon nan, dubu talatin da 'yan kai. Bayan makon nan, dubu sittin da wani abu. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya shigo a makon?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba furogiram ɗina kaɗai ya shigo ɗakin ba a makon.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Kina nufin na'urar da ni da kaina na sa hannu aka karɓa?”

A nan ya kamata in yi shiru, amma Allah bai ba ni wannan baiwar ba. Na ce na'ura ba ta san sa hannun kowa ba. Kafin a tashi daga aiki masinja ya kawo mini takardar tuhuma. An ba ni kwana bakwai in yi bayanin dalilin da ba za a soke gwajina ba, tunda furogiram ɗina ya ninka cin suwaf ya gurgunta kayan gwamnati. An dakatar da furogiram ɗin, ni ma an hana ni taɓa madanni har kwamiti ya zauna.

Baba ya ga takardar a hannuna, ya karɓa ya karanta ta har ƙarshe. Daga baya ya ce, “Ɗiyata, ni abin da na gani shi na rubuta.” Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo.

A gida maigidana ya so ya sanyaya mini rai. Ya ce, “In ma an maida ke, ai tafireta ba ta taɓa ba ki kunya ba.” Ban ƙara yi masa magana ba sai washegari da hantsi. A ofis kuma, duk sanda na wuce ta ƙofar tsohon ɗakinmu sai wata ta leƙo ta ce sun share mini kujerata. Wasa take yi, na sani, nakan ma yi dariya. Amma tsoro nake ji, tsoro na gaske, don na san in na koma ɗakin nan ba mai sake fito da ni.

Abu na farko da na lura da shi shi ne, bayan an dakatar da furogiram ɗina lambar ba ta sauka ba. Na faɗa wa ɗaya daga cikin 'yan kwamitin a baranda, ya ce wataƙila ɓarnar da ya yi ce ba ta warke ba tukuna, kamar dai na'urar ta yi zazzaɓi ne tana jiran ƙarfi ya dawo. Na gane wannan hujjar ba za ta fitar da ni ba.

Tunda an hana ni aiki amma ba a hana ni zuwa ba, kujera nake jawowa in zauna kusa da babbar na'urar, inda ba na tare wa kowa hanya. Mutumin da ba shi da abin yi komai ya gani karantawa yake. Na karance dokokin kashe gobara, na karance kalanda. A rana ta huɗu idona ya faɗa kan wata 'yar takarda da injiniyoyin suka manna a gefen na'urar, can ƙasa, inda sai mai zaune zai gani. Sun jera girman kowane yanki na faifai. A gaban suwaf sun rubuta 65,536 K.

Da safiyar ranar na ji Baba ya karanta lambarsa a fili kamar kullum: 71,200.

Na sake duban takardar, na sake duban rajista daga inda nake. Wurin da duka-duka girmansa dubu sittin da biyar ne, an ce an zuba dubu saba'in da ɗaya a ciki, kuma bai fashe ba. Mahaifiyata ta yi shekaru tana awon hatsi a kasuwar Rigachikun, a gindinta na tashi. In mai saye ya ce an auna masa goma, abin da take fara tambaya shi ne da wane kwano, cikakke ko rabi. Na ɗauki fensir na raba lambar Baba biyu a bayan takardar tuhumata. Ta ba ni 35,600, kusa da abin da tsohuwar na'ura ke nunawa, da ɗan ƙarin da sababbin alluna za su kawo. Ban san dalili ba tukuna, amma na tabbata da rabin kwano ake yi mana awo.

Na miƙe na sa takalmi na nufi ofishin Darakta. Har na hau matakala biyar na tsaya. Zan so in ce tausayin Baba ne kaɗai ya tsayar da ni, amma ƙarya ba ta da amfani yanzu. Akwai tausayin, akwai kuma sanin cewa Darakta ba zai karɓi lissafin fensir ba, sai na kawo masa rubutacce. Rubutaccen yana cikin na'urar, ni kuma an hana ni taɓa ta. Na juyo na sauko.

Na jira har Baba ya dawo daga sallar azahar, sauran ma'aikata sun fita cin abinci. Na durƙusa kusa da teburinsa, abin da ban saba yi a ofis ba.

Ya ce, “Lafiya, ɗiyata? Mi ya faru?”

Na ce, “Baba, alfarma nake nema. Hannuna a ɗaure yake, naka nake so ka ara mini.”

Na nuna masa takardar gefen na'ura, na nuna masa lambarsa ta safe. Ya duba wannan, ya duba waccan, ya koma ya sake dubawa. Sai na roƙe shi ya buɗo shafin bayani da ke cikin na'urar, wanda ke faɗin yadda furogiram ɗin dubawa yake ƙirga. Ya buga da yatsunsa biyu, a hankali, ina karanta masa haruffa. Shafin ya fito da Turanci. Can tsakiya aka ce lambar suwaf da bulok ake ba da ita, kowane bulok bait ɗari biyar da goma sha biyu. Kilobait kuwa bait dubu ɗaya da ashirin da huɗu ne. Bulok biyu ke yin kilobait guda. Tsohuwar na'ura da kilobait take ƙirga, sabuwar da bulok, amma a kan allon Baba har yanzu K ce zaune a saman layin.

Na ce, “Abin da ban gane ba shi ne wanda ya sa K ɗin a allo.”

Baba ya jingina da kujera. Ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya maida. Ya ce, “Ni na ce su sa.”

Ya ba ni labarin ba tare da ya dube ni ba. Ranar da injiniyoyin suka gama, sabon furogiram ɗin dubawa ya fito da lambobi tsirara, ba harafi a samansu, kuma ba a jere yadda suke a fom ba. Baba ya ce musu wannan ba zai yiwu ba. Fom bugagge ne, akwai katan-katan ɗinsa a sito, kuma canja shi sai an rubuta takarda ta bi ofis huɗu. Sauƙin abin shi ne a gyara allo ya yi daidai da fom. Su kuma suna sauri kada jirgi ya bar su. Cikin minti goma suka jera masa allon layi-layi kamar fom, har da K ɗin, ba wanda ya tsaya ya tambayi awon. Ya yi musu godiya, har ya raka su bakin mota.

Na ce, “To ai laifinsu ne, Baba. Su ne masana. Haka zan rubuta.”

Ya ce, “Abin da na ce shi suka yi. Ki rubuta lissafinki, ki bar mani sauran.”

Saura wata biyar ya ajiye aiki. Shekara talatin da huɗu da 'yan watanni ba a taɓa saka masa ko takardar gargaɗi a fayil ba, kuma kowa a ma'aikatar ya san haka, don da shi ake yi wa sababbi misali.

Amsata shafi ɗaya ce. Tunda an hana ni madanni, tsohon ɗakinmu na shiga, na zauna a kujerar da aka share mini, na buga ta da tafireta ba kuskure ko ɗaya. Matan suka zagaye ni suna tsokana, wai ashe hannun bai manta ba. Na ce musu aro na zo, kada su saba. Na rubuta girman suwaf, na rubuta lambar rajista, na kwafo layin nan na shafin bayani, na yi lissafin a layi uku. Ban ambaci Baba ba.

Shi kuwa kwana biyu ya yi bai fita cin abincin rana ba. Ya ɗauki jan biro ya bi rajistar tun daga ranar da sabuwar na'ura ta fara aiki, shafi hamsin da wani abu. A kowane shafi ya ja layi ɗaya a kan lambar da rula, yadda za a iya karanta tsohuwar, ya rubuta rabinta a sama, ya sa hannu a gefe. Na ce ya bari in taya shi rabawa. Ya ce hannun da ya rubuta shi zai gyara.

Ranar kwamiti mutum uku ne a teburi, Darakta a tsakiya. Na karanta amsata a tsaye, na san abin da na riƙo. Wanda ya ce mini ɓarna ba ta warke ba ya ce shi fa bai gane wannan bulok ɗin ba. Na ce, “Yallaɓai, in aka auna maka gero da rabin kwano sau goma aka rubuta maka kwano goma, nawa ne a buhunka?” Ya ce biyar. Na ce to shi ke nan. Na ƙara da cewa ban ce na'urar tana gudu ba. Nauyinta daga yawan allunan da aka ɗora mata ne, wannan kuma wata magana ce daban, ba tawa ba.

Darakta ya sa aka kwafo masa shafin bayanin, ya karanta da kansa sau biyu. Da ya ga abin a rubuce sai fuskarsa ta saki. Sannan ya yi tambayar da nake gudu.

“To wa ya ce a sa K a allon?”

Na yi shiru, karo na farko a rayuwata da shiru ya zo mini a kan lokaci. Baba, da yake zaune a bayana da rajista a cinya, ya miƙe. Ya ajiye ta a gaban Darakta, ya buɗe shafin farko mai jan biro.

Ya ce, “Ranka shi daɗe, ni ne. Na sa aka gyara na'ura ta bi fom. Yarinyar ga ba ta da laifi, aikinta mai kyau ne. In akwai takarda, ni za a ba.”

Kuma an ba shi. Darakta ya ce ba zai iya janye tuhuma daga wuri ɗaya ya bar fayil ba bayani ba. Takardar gargaɗi ce mai layi huɗu, mai laushin harshe, amma ta shiga fayil ɗin da ya yi shekara talatin da huɗu ba tabo. Tawa aka janye, aka ce a maida furogiram ɗina bakin aiki, gwajina ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. A bas ɗin Mando sai da wata mata ta tambaye ni ko albishir aka yi mini. Amma murnar tana da ƙashi a ciki. Mutumin da ya fito da ni daga ɗakin tafireta shi na jawo wa takarda, ko da yake da gaskiyata. Na yi ta tunanin yadda zan haɗa ido da shi ranar Litinin. Na san dattijai da yawa da in ƙaramin ma'aikaci ya kama su da kuskure, gaisuwa ma sai ta gagara har su bar aiki.

Allon ba a gyara shi ba, don yarjejeniya ta ce ba mai taɓa abin da injiniyoyin suka haɗa sai su, su kuma sai bayan wata uku za su dawo. Fom ma yana nan yadda yake, katan-katan a sito. Don haka ranar Litinin da ƙarfe takwas da rabi K tana nan zaune a saman layinta kamar ba abin da ya faru.

Na cire takalmi na shiga, na gaishe shi, ya amsa. Na zauna a teburina na ɗora yatsuna a kan madanni. Ma'aikatan ɗakin duka suna nan, kowa ya yi kamar yana aiki, kowa kunnensa na wurinmu. Baba ya kira furogiram ɗin dubawa. Ya karanta layi na farko ya rubuta, ya karanta na biyu ya rubuta. Da ya zo kan suwaf ya karanta lambar a fili, sai ya tsaya da biro a sama. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ta fuskance ni, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

“Malama, wannan cikakken kwano ne ko rabi?”

Bai taɓa ce mini Malama ba sai ranar. Na ce, “Rabi ne, Baba.”

Ya raba ta biyu a gefen takarda, ya miƙo mini in duba. Na duba, daidai ne. Sai da na gyaɗa kai sannan ya rubuta a fom.